Takardar Asalinmu a Hannun Umaru

Daren Laraba, watan Rajab, Argungu.

Yau na kunyata kaina. Shekara biyu ina rubuta asalin gidanmu da ajami yadda nake so: mamata da jar tawada, masu rai da baƙa, mata a gefe da siririn rubutu. Ƙanena Umaru ya ari takardar ya tafi Birnin Kebbi. Da na je yau, na tarar ya sa an kwafe masa ita da manyan baƙaƙe, kowane suna da layinsa, ba ja ko ɗigo.

A gaban surukansa na taso masa. "Wa ya aike ka? Don an kawo muku gwamna sai ku gyara wa kowa aikinai?"

Ya ce, "Yaya, idona ya tafi, jan nan ban ganinai. Wata uku ina biɗar sunan Inna, sai cikin wagga na gan shi."

Har yanzu tsarina ya fi kyau. Amma ni na matse sunan Inna kamar ƙwayar gero. Ban ba shi haƙuri ba. Na ce rana ta yi, na hau mota.