Iya, Na Sake Hawa Keke

Zuwa ga mahaifiyata, Iya Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Kin bar ni ina zakaran tseren keke a Damagaram. Ranar da na shigo unguwarmu Birni da kofina na farko, kin jujjuya shi kika ce, "Wannan ko fura ba zai ɗauka ba." Amma kullum sai kin goge shi.

Ashe a lokacin kina ɓoye ƙullutu a ƙirjinki. Kunya ta hana ki faɗa. Da muka kai ki likita, dokotoro ya ce mun makara.

Shekara biyu da rasuwarki na taɓa irinsa a wuyana. Abokai suka ce jifa ne daga waɗanda nake kayarwa a tsere. Ban saurare su ba, Iya. Na shiga mota sai Yamai, aka auna, aka ce ciwon daji ne. Aka yi mini aiki, aka shiga ƙarin magani. Gashina ya zube, ƙafafuna suka koma kamar karan dawa. Surukarki Mairo ce ke riƙe ni in zan miƙe.

Na warke.

Ranar da na sake hawa keke, da ƙyar na kai unguwar Zango nan kusa, 'yan kabu-kabu na wuce ni suna mini sannu. Bara na koma tsere, na zo na uku, ban ji kunyar kowa ba.

Yanzu ranakun kasuwa ƙauyuka nake zuwa. Ni a keke, Mairo a motar kasuwa. In jama'a suka taru kallon keken, sai in buɗe wuyana in nuna tabon, in ba su labarinki. Ki yafe mini, sirrin da kika rufe ni nake tonawa.

A Gidimuni wata tsohuwa ta ja Mairo gefe, ta ɗaga mata mayafi, ta nuna mata irin ƙullutunki. Muka kai ta likita, aka ce an zo da wuri, aka cire. Jiya ta aiko mana da dabinon lambunta, da kanta ta tsince shi. Na ci uku, na ajiye na huɗu ina tunaninki.

Muddin ƙafafun nan na juyawa, ba zan yi shiru ba.

Allah ya jiƙanki, Iyata, ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara, ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗanki mai kewarki,
Mamadu