Harbin da Na Ji a Ƙeyata

Anti Victoria, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani, domin zuciyata tafasa take yi.

Ɗinki nake yi a Yelwa, cikin Mubi. Saurayina Ephraim yana da shagon wasan gem na kwamfuta, kuma har an fara sanar da aurenmu a coci. Kwanan baya ya sayo wani hedifon da ya ishe ni da labarinsa. Wai lasifika biyu ne kawai a kunne, amma akwai manhajar da ke sarrafa sautin, sai ka ji takun abokin gaba ta bayanka, ko ta hagu, ko daga sama, kamar kana tsakiyar filin. Ni ban kula ba, ba harkata ba ce.

Ranar Asabar na kai masa abinci shago. Ina ajiye kula sai ya lallaɓo ta baya ya ɗora min abin a kai, abokinsa Aaron na riƙe da waya. Ashe wasan yaƙi ne. Anti, harbi na ji a ƙeyata, ga takun mutane suna gudu suna matso ni. Ban san lokacin da na zube ƙasa na rarrafa ƙarƙashin tebur ina kiran ƙanena Nehemiah ba. Tare da shi muka gudu shekarar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, muka rabu a cikin duwatsu, har yau babu labarinsa.

Da hankalina ya dawo, samari cike da shago suna ta dariya, zanena ya kwance, miya ta zube. Ephraim ya durƙusa, amma ba a kaina ba. Hedifon ɗin da ya karye yake dubawa. Kafin yamma bidiyon ya zaga unguwa. Wata mai kawo min ɗinki har kwaikwayon faɗuwata ta yi a gabana.

Ya zo gida yana cewa wasa ne, wai daɗin sautin yake so ya nuna min. Shi yana karatu a Jos lokacin gudun. Gaskiya ban taɓa ba shi labarin Nehemiah ba, a gidanmu ma ba a ɗauko zancen. Amma ɗan Mubi sai an zaunar da shi an gaya masa ba a wasa da ƙarar bindiga? Mamata ta ce in yi haƙuri. Ni fasto nake so in samu in ce a soke komai.

Mai ɓacin rai, Yelwa

'Yata,

Fushinki yana da hujja, kuma babu abin kunya a faɗuwarki. An yi wannan sauti ne don kunne ya gaskata shi, naki kunnen kuwa ya taɓa jin na gaske.

Sai dai a ba kowa haƙƙinsa. Ephraim bai san da Nehemiah ba, saboda haka wauta ya yi, ba mugunta ba. Abin da ba zan wanke shi a kai ba shi ne wayar da aka saita tun kafin ki shigo, da hedifon da ya riga ki samun kulawa.

Kada ki ce a soke, ki roƙi fasto a ɗaga sanarwar. Ki zaunar da Ephraim a gaban wani babba da kuke girmamawa, ki ba shi labarin gudun tun daga farko. Ki gaya masa sai an goge bidiyon, kuma a shagon da aka yi miki dariya, nan zai tsaya ya ce shi ne mai laifi. Ke ma ki tambayi mai ba da shawara kan firgici a asibiti, kin daɗe kina ɗauke da wannan kaya ke kaɗai.

Daga nan ki zuba ido. In ya ji labarin jikinsa ya yi sanyi, akwai miji a wurin. In ya sake cewa wasa ne, kin samu amsa tun ba ki shiga ɗakinsa ba.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya kawo muku labarin ƙanenki.

Anti Victoria