Lambar Jinina Ta Sauko

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikoki, ya ciwon gwiwar?

Kin san wata shida ke nan mantuwa ta kama ni, tafin ƙafata kamar tururuwa na yawo a ciki. To, surukina, mijin babbar 'yata, ya karɓe mabuɗin shagon ɗinkina, wai hutar da ni yake yi. A gaban masu kawo ɗinki yake cewa Baba ya koma yaro, a yi masa uzuri. Ni da na koya masa riƙon almakashi!

Auta ce ta kai ni asibiti a ɓoye. Likita ta ce akwai wani abu a jini, homosistin. Na mai lafiya tsakanin biyar da goma sha biyar yake, nawa talatin da biyu. Wai bitamin B ne ke share shi, ni kuwa maganin sukarin da na daɗe ina sha ya rage min B12. An fara min allura. Kaina na washewa, amma ban gaya wa kowa ba. Ina zaune a shago baki buɗe, ina sauraro. Ashe wanda aka ɗauka ba ya riƙe magana, komai a gabansa ake faɗa.

Yayanki.

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Lambar jinin nan nawa ta sauko zuwa goma sha ɗaya.

Jiya surukin nawa ya tara dangi da wani mai sayen kekunan ɗinki, don su shaida hankalina ya gushe, ya samu ya sayar da kayan shagon. Cikin murmushi ya tambaye ni yau wace rana. Na gaya masa. Na ƙara masa da ranar da ya ɓata yadin matar malamin makaranta ya ce ni ne, da ranar da ya fitar da sabon kekena ta ƙofar baya, da sunan da yake kirana da shi a waya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba. Mai saye ya sulale ko sallama babu. Mabuɗin kuwa babbar 'yata ce ta zaro daga aljihun mijinta ta miƙo min.

Yanzu dangi na ta sintiri, wai in yafe in manta. Yafewa sai na yi tunani. Mantawa kuwa, na ce su je su tambayi likita, ita ta raba ni da ita.

Ki gaida mutanen gida.

Naki yayan,
Tsohon Tela.