Kirikiri a Fadamar Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Daga Badafi nake rubuto miki, a gindin tsamiyar ƙofar gida. Na san wasu za su karanta wannan takarda a jarida, amma da ke nake.

Inna, ran Alhamis zan hau jirgin sama a Kano, zan tafi Ingila. Ba karatu zai kai ni ba, ba kuma aikin maɗaba'a ba. Wasan nan ne da kika hana kanki kiran sunansa, golf. Baturen da muka yi shekara tara muna gyaran rubutu tare a Zariya ya koma gida, ya aiko in je in buga da mutanen garinsu. Fasfo ya fito, an yi mini allura, tela ya gama rigar sanyi. Sanduna bakwai ne a jakata, na goge su har ina ganin fuskata. Tun da takardar ta zo nake murmushi ni kaɗai kamar wanda ya taɓu.

Kin tuna ranar da na fara kawo sanda gida? Kika juya ta, kika auna nauyinta, kika ce, "Tanko, wannan ko kaza ba za ta kora ba. Ƙato da kai kana bin ƙwai a daji?"

To, ga abin da ya dame ni. A nan Arewa, wurin da ake gangara ƙwallo ta faɗa rami yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai, a share shi da katako. A can kuwa ciyawa ce, gajera, mai laushi. Na karanta littafi uku a kan yadda ƙwallo ke gudu a kanta, amma ban taɓa bugawa a kai ba. Na ji tsoron in ƙetare teku in je in ba da kunya a taku uku na ƙarshe.

Sai na tuna fadamarki, wadda ba a sa mata garma ba tun da kika rasu. Na ɗauki hutu na zo. Inna, kirikiri ya cinye ta. Ciyawar da kika yi shekara talatin kina tona, kina shanya saiwarta a kan dutse don kada ta sake kamawa, ita ce na tarar shimfiɗe kamar darduma. Ki yafe mini, da na gan ta murna na yi.

Na sa lauje, ta fito a tsaitsaye kamar askin makaho. Malam Buba, makiyayin nan da kike ba dusa yana ba ki nono, ya tsaya ya kalle ni ya ce, "Ɗan Inna, boko bai gaya maka ba? Saniya fizga take, tunkiya ce ke aski." Ya turo tumakinsa goma sha biyu. Cikin mako biyu wurin ya kwanta lif. Na haƙa rami, na binne gwangwanin da kike awon gishiri da shi. Ranar da ƙwallo ta fara gangarawa ta faɗa ciki, ta yi ƙwal, na yi ihu har tumaki suka watse.

A nan na koyi abin da littafi bai faɗa ba. Da safe raɓa tana riƙe ƙwallo. Da la'asar ta yi ta gudu. Ciyawa tana da inda take kwantawa, kuma ƙwallo can take bi.

Sai Kawu Ilu, ƙaninki, ya zo da saƙon Dagaci. In ruwa ya ɗauke bana ba a ga kunya a fadamar nan ba, za a ba mai iyali ya noma. Ni kuwa ba zan dawo ba sai an yi girbi. Kawu bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yaya ta ci da ku da wurin nan. Kai kuma ka mai da shi wurin kiwon ƙwai."

Na so in ce ya bari sai na tafi ya sa a nome. Na fara shirya maganar ma, da hujjojinta a jere, yadda na saba. Sai na tuna lokacin da za a kai ni makarantar Midil a Kano, kina ɗaure mini ƙunshin dankali, kika ce, "Ka je duk inda za ka, amma ka bar abin da zai sa a san za ka dawo."

Jiya da hantsi na buga ta ƙarshe. Taku tara ne, ta bi kwanciyar ciyawa, ta karkata hagu, ta faɗa. Na ciro gwangwanin, na karɓi garma a hannun Kawu. Ni na fara sara, a daidai ramin. Ƙasar ta yi baƙi da takin tumakin Buba, har Kawu ya ɗebo ya shinshina, ya ce wasan banza ya yi rana. Kafin la'asar mun ja kunya goma sha takwas, mun dasa dankali. Saiwar kirikiri kuwa na shanya ta a kan dutsenki.

Yanzu tafin hannuna duk ƙuraje ne, biyu sun fashe. Da ƙyar nake riƙe alƙalamin nan, ban san yadda riƙon sanda zai kasance ba ran Asabar ta sama, ranar wasan. Ko na ci ko ban ci ba, in Turawa suka tambayi abin da ya sami hannuna, zan ce gonar uwata na noma. Gwangwanin yana cikin jaka, kusa da sanduna. Zai ga Ingila, ya dawo a auna gishiri.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce gidanki. Ya kai ni lafiya, Ya dawo da ni in tarar da dankalinki ya yi ƙwai.

Ɗanki mai kewarki,
Tanko