Motarku ta tsaya a hanya, aka binne ƙanena ba na nan

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya sayar mini da ƙaramar mota mai batir,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Ni tsohon malamin lissafi ne, mazaunin unguwar Maamobi a babban birni. Da na yi ritaya na sayi motarku saboda fetur ya fi ƙarfina. Takardarku ta ce caji ɗaya yana kai kilomita ɗari uku. Daga nan zuwa Kumasi bai kai haka ba. Na yarda, don a zamaninmu idan an rubuta lamba to gaskiya ce.

Na ɗaya. Da safe aka kira ni cewa ƙanena Sule ya rasu a Kumasi, jana'iza bayan azahar. Tun yana kwance ya roƙa ni in sa shi a kabari da hannuna. Batir a cike yake.

Na biyu. A Zongo mai mota ba ya tafiya makoki shi kaɗai. Na ɗauki ƙanwarmu Hajiya Mariama, da maƙwabta biyu, da buhun shinkafar sadaka. Hajiya tana da hawan jini, dole na kunna na'urar sanyi. Cunkoso ya riƙe mu tun daga shataletalen Circle. Bayan Nkawkaw lambar cajin da ke gabana ta riƙa zubewa, kafin Konongo mota ta mutu, ba wurin caji ko ɗaya. Muka tsaya bakin titi muna ɗaga wa motocin haya na trotro hannu, duk a cike, da ƙyar muka samu ɗaya. Ba a jinkirta gawa, ban kuma zargi kowa ba. Mun isa maƙabarta ana wanke shebur.

Na uku. Da na je ofishinku, ma'aikacinku ya ce an auna lambar ne da direba shi kaɗai, a shimfiɗaɗɗen titi, ba kaya, ba sanyi. Ranka ya daɗe, wa ke tafiya haka a ƙasar nan?

Ba na neman ku karɓi motar. Tana ƙofar gida, awaki na kwana ƙarƙashinta. Roƙona ku gwada ta a hanyar Kumasi da mutum huɗu da kayansu, ku rubuta abin da kuka gani da manyan baƙaƙe. Ku kuma faɗa wa mai saye inda caji ya ƙare a hanya.

Allah ya ba ka tsawon rai. Ranar da taka ta zo, Allah ya iso da ɗan'uwanka a kan lokaci.

Wassalam.

Malam Mamudu, Maamobi