Na'urar da Ta Yi Shiru

Litinin, 7 ga Agusta, 2023
Babu kuran, an ɗauke wuta, babu rezo mai kirki a waya. Na karanta littafin nan karo na uku. Maigida Sahabi na gida amma kamar ba ya nan, idonsa na kan ordinateri, kwamfutar aikinsa. Tunda bai kula ni ba, ni ma na ɗinke baki. Kwana huɗu ke nan.

Laraba, 9 ga Agusta
Na ji yana yi wa abokin aikinsa Kailu bayani a zaure. Ɗakunan shan magani uku, kowanne da na'urarsa, kowace tana ajiye kwafin rajistar allurar yaran sauran biyun, ko da ɗaya ta lalace. Amma ajiya na cin batir, kowa ya fi son a ajiye masa. Sai Sahabi ya tsara musu doka kamar ta dara: wadda ta daina ajiye na wasu mako guda, a goge nata. Wai lissafi ya nuna ba wadda za ta yi ha'inci.

Alhamis, 10 ga Agusta
Na share tsakar gida sau biyu. Ba datti.

Asabar, 12 ga Agusta
Na'urar wani ƙauye bayan Sanam ta yi shiru kwana shida. Gobe sauran za su goge nata. Yara ɗari huɗu! Kailu ya ce rowar batir ce. Na kasa zama, na kasa karatu. Na leƙa zaure na ce, "Wa ya ce ta ƙi? In ba ta iya magana fa?" Sahabi ya dube ni kamar yau aka kawo ni. "Mi kika ce, Muna?" Na gudu madafa.

Lahadi, 13 ga Agusta
Ya ɗaga gogewar da wata guda. Bai ce mini komai ba. To.

Juma'a, 18 ga Agusta
Ma'aikacin ƙauyen ya zo kan babur da na'urar cikin buhu. Ruwan sama ya shiga ɗakin, ta mutu ɗungurungum. Ba sauran sunan yaran ko'ina sai cikin sauran biyun. Sahabi ya zauna bakin rijiya.

Asabar, 19 ga Agusta
Har yanzu ba shi da yawan magana. Na kai masa fura, na tambaye shi mi ke damunsa tun watan jiya. Ya daɗe yana faɗa mini, furar ta yi tsami. Ba wai na sauko ba ne. Tambaya kawai na yi.