Ta zo ta biyu a ajinsu, ashe da kwandon tumatir ta ci

Assalamu alaikum Admin, da fatan kina lafiya ke da duk 'yan uwa na wannan guruf. Ki taimaka ki saka min wannan, amma ki ɓoye sunana da lambata, don akwai 'yan garinmu a ciki. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na firamare na tsaya, Hausa kawai nake iya harhaɗawa a hankali, kwana uku na ɗauka ina rubuta wannan. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, abin da na gano ya tsaya min a rai, ko abinci ba ya yi min daɗi.

Shekarata talatin, 'ya'yana huɗu. Muna zaune a wani ƙauye a ƙasan dam ɗin Tiga, maigidan noman rani yake yi. Maganar a kan 'yata ta fari ce, shekararta sha uku, tana aji biyu a ƙaramar sakandaren da ke tsakaninmu da ƙauyen gaba. Na san wasunku na birni sun daina wannan, amma mu a nan har yanzu ana alkunyar ɗan fari sosai. Tun da aka yaye ta take ɗakin surukata, wadda muke ce wa Inna. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce ke, ko in ce 'yar Inna, ita kuma Yaya take ce min. Ba na tambayarta me aka koya musu, ba na buɗe jakarta, in ta dawo makaranta ko ɗago kai ba na yi in da mutane a tsakar gida. Haka na taso na ga ana yi, kuma ana yabona a kan haka, ana cewa matar wane akwai kawaici.

Zangon da ya wuce aka ba su rizal, ta zo ta biyu a ajinsu. Inna ta ɗauki takardar ta zaga da ita gida-gida tana cewa ƙawarta likita za ta zama, ita za ta riƙa yi mata allurar ciwon gwiwa kyauta. Ni ina tsintar shinkafa, na yi kamar ban ji ba, amma Allah ya sani ranar har ƙwalla na yi a bayan ɗaki don daɗi, na ce abin da ban samu ba ga shi Allah ya ba ta.

Sati biyu da suka wuce autana ya yi zazzaɓi, wata tara gare shi. Na kai shi asibitin garinmu, aka ba ni magani kala biyu, ma'aikaciyar ta yi min bayani amma yaron yana ta tsala kuka, kafin in iso gida na rikice. Ta rubuta a takarda da Turanci, maigidan yana gona, sai na danne kunya na miƙa wa yarinyar na ce ke, duba min nan. Ta riƙe takardar ta daɗe, bakinta yana motsi, can ta ce sau uku-uku ne Yaya. Yadda ta faɗa idonta a ƙasa ne bai kwanta min ba. Na saka hijabi na shiga gidan maƙwabciyarmu, wata Malama da ke koyar da addini a makarantar tasu, ta duba ta ce ɗaya sau biyu ne, ɗayan kuma sau ɗaya tak a rana. Da na bi maganar yarinyar fa?

Da la'asar da yarinyar ta tafi Islamiyya, na shiga ɗakin Inna kamar mai neman tsintsiya, na buɗe jakarta, karo na farko a rayuwata. Rubutu kam ga shi nan cike da littafi, mai kyau kamar zanen lalle. Ban iya Turanci ba amma ina da ido. Na ga shafi guda da zanen kifi an ja masa layuka, na buɗe gaba kaɗan sai ga kifin nan kuma, da rubutun duka iri ɗaya, har inda aka soke wata kalma a na farko an soke ta a na biyu. Wato ta kwafi abu ɗaya sau biyu ba ta ma san ta taɓa rubuta shi ba. Da ta dawo na ja ta bayan kicin, na ɗora yatsa a tsakiyar shafi na ce karanta min. Ta kasa. Na buɗe saƙon Hausa a wayata, wanda ƙanwata ta turo min, wallahi ni da na tsaya a aji huɗu na fi ta sauri. Sai ta fashe da kuka.

A nan ta faɗa min komai. Da safe monita ne yake kwafe musu rubutu a allo daga littafin malami, su kuma su zana. Da an tashi tara sai a jera su a tafi gonar malamin agirik, wai firaktikal. Shi ne fom mastansu, kuma tun da aka yi wa malamin Turanci canjin wajen aiki bara shi ke riƙe da Turancin ma, bai taɓa shiga ya koyar ba. Da damina dashen shinkafa da cirar ciyawa, yanzu kuma ɗibar tumatir. Makin tes da kwando ake ba da shi, wadda ta fi cika kwanduna ita ke da maki mai yawa. Ranar jarrabawa kuma waɗanda ba sa fashin gona aji daban ake kai su, a rubuta musu amsa a allo. Na ce to wace ce ta zo ta ƙarshe, ta ce wata 'yar mai shago ce da babanta ya hana ta zuwa gonar, kuma ita ce kaɗai in an liƙa sanarwa suke kira ta karanta musu.

Abin da ya fi ci min rai, duk alamun suna gabana. Ni nake wanke hijabin makarantar nan, ina jin warin maganin feshi a jikinsa, ina ganin koren ganyen tumatir ya rine mata yatsu har cikin farce, ga kaushi ya farfasa mata dunduniya. Shekara ɗaya da rabi ina gani ban buɗe baki na ce daga ina ba, don kar a ce na damu da 'yar fari.

Ranar Laraba na ce zan kai yaro awo, na bi ta makarantar wajen sha ɗaya na safe. Ajinsu ba kowa sai awaki uku, ɗaya ta hau benci, ƙasa duk kashinsu. Malamai huɗu suna ƙarƙashin darbejiya suna shan rake, sun tara ɓawo a gabansu, na gaishe su, ɗaya ya amsa bakinsa cike ko kallona bai yi ba. Na gangara bakin kanal, sai ga su nan, yara sun fi arba'in a duƙe cikin kunyoyi da farin yunifom, rana tana dukansu. Malamin agirik ɗin yana zaune a kan babur a inuwa da rajistar aji a cinyarsa, a cikinta yake rubuta kwandunan. Da kunnena na ji yana ce wa wata ƙaramar yarinya, ke lamba sha tara, wannan rabin kwandon ko fas ba zai ba ki ba. Sauran suka yi dariya. Ga mota an faka ana lodi, direban yana tambaya ko za a ƙarasa kafin azahar don yana so ya biya ta Ƙafin Maiyaki. Na hango tawa da kwando a ka, tana sauri har tana haɗawa da gudu, ta tsuguna ta sha ruwan kanal da hannu ta koma. Ba ta gan ni ba. Na juya da goyona na kama hanyar gida.

Na gaya wa maigidan bayan ya ci abinci. Ashe ya sani, gonarsa tana maƙwabtaka da ta malamin, kuma da injin ban-ruwan malamin yake shayar da albasarsa tun da nasa ya lalace. Ya ce ai noma ma ilimi ne, kuma yaran kowa suna zuwa, me ya sa ni kaɗai zan ɗaga murya. Na ce ba ta iya karatu ba fa, ya ce ta zo ta biyu, takarda ta nuna, ni da ban gama firamare ba ni zan fi malamai sani? Da na matsa sai ya ce in na kuskura na je na kunyata shi a gaban mutumin da ke taimakonsa, zai cire ta daga makarantar gaba ɗaya, in ɗibar tumatir ce ta zo ta ɗiba a gonar ubanta. Inna kuwa da ta ji, ba gonar ce ta dame ta ba, buɗe jakar da na yi ne. Ta ce tun suna tsohon garinsu kafin ruwan dam ya tashe su, ba ta taɓa ganin uwa ta tsaya tana ɗaga jijiyar wuya a kan 'yar fari ba, wai waya ce ta cire min kunya. Ta ce yarinya tata ce, in da magana ita za ta yi, kuma ita ba ta ga magana ba, tunda ga tumatir ana ba yaran su kawo gida. Eh, ana ba su, wanda ya fashe, wanda mota ba za ta ɗauka ba. Da shi muke miya tun farkon rani ban sani ba. Na daina saka shi a tukunyata, kaji nake watsa wa.

Na koma wajen Malama maƙwabciyarmu. Ta rufe ƙofa ta ce Maman yara, kowa ya sani, har firinsifal, don shi ma ana kai masa nasa kwandon gida. Ta ce ita ta taɓa magana aka ce za a tura ta can ƙarshen Doguwa, ga ta da ƙananan yara, shi ya sa ta yi shiru. Amma ranar Asabar akwai taron iyayen yara, kuma wani babba zai zo daga ofishin ilimi. Ta ce in an yi maganar a dunƙule za su musa, su ce firaktikal yana cikin manhaja. Abu ɗaya ne ba za su iya musawa ba, uwa ta miƙe ta faɗi sunan 'yarta da ajinta, ta ce ga wadda kuka ba ta biyu, a ba ta littafi ta karanta a gaban kowa.

To kun ji inda nake. In na miƙe, zan tsayar da yarinyar nan a gaban iyayen gari ta kasa karanta layi ɗaya, ƙawayenta su riƙa nuna ta, alhali ba laifinta ba ne, an ce ta cika kwando ta cika. Ga maigidan da abin da ya ce zai yi, kuma na san shi, in ya faɗa yana aikatawa. Ga Inna da za ta ce na zubar mata da mutunci. In kuma na yi shiru, baɗi za ta shiga aji uku, ta gama, a ba ta takarda, ta fito ba ta iya duba maganin ɗanta ba, kamar ni, har gara ni don ni ban taɓa zaton na iya ba. Babu wata makarantar kusa, ta gaba sai an hau babur, kuma babanta ba zai yarda ba.

Jiya ina hura wuta ta zo ta tsuguna kusa da ni, abin da ba ta saba ba, ta ce Yaya, ki koya min karatu irin naki, ko na wayar ne. Na ce ke da kika zo ta biyu? Ta ce ta fi son ta zo ta arba'in in dai za ta riƙa gane abin da take rubutawa. Muka zauna a bayan kicin da gawayi muna ba, bi, bu a jikin bango, muna kasa kunne kar Inna ta fito. Abin da nake da shi ke nan, aji huɗu, kuma ba zai kai ta ko'ina ba.

'Yan uwa ku faɗa min gaskiya, in je taron nan ko kar in je? In akwai malamai a cikinku, akwai hanyar da za a kama wannan abin ba tare da an tozarta yarinyar ba? Masu 'ya'yan fari kuma, akwai wadda ta taɓa ajiye alkunya ta tsaya wa nata, yaya ta ƙare da surukarta? Shekara sha uku sunan yarinyar nan bai taɓa fita daga bakina ba. Yau da safe da gida ya watse na gwada faɗarsa ni kaɗai a gaban murhu, a hankali, don in ji ko zai fita ranar Asabar. Ya fita. Ku ce min in faɗe shi a gaban mutane ko in mayar da shi ciki.